Dabinon da Na Zare Daga Aljihun Nasiru

Zongo, Kotonu

Zuwa ga 'yata Safiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ya sauke ki Natitingu lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da na direban da ke gyangyaɗi. Innarki ce za ta sa miki ita a jaka. In ni na miƙa miki, na san za ki durƙusa ki karɓa da hannu biyu, ki ce “to, Baba”, sannan ki tura ta ƙarƙashin kaya ki manta. Wannan ladabin naki ya fi zagi yi mini ciwo, amma ni na jawo wa kaina.

Ba labarin gida zan ba ki ba, kin san shi. Maganar abinci ce. Ki yi dariya in kin ga dama, a ce tsohon dillalin shanu ya zauna ya cika takarda a kan tuwo. Za ki tafi sansanin 'yan dogon gudu, inda za a riƙa kora ku kuna hawa duwatsu kuna sauka. Ni kuwa na daɗe ina kallonki ta gefen ido. Kina ture tuwo gefe, ki tsince nama ki tashi. Kina fita gudu da safe cikinki wofi, ki kai bakin teku ki dawo ba ki sa komai a baki ba. Na san wannan tafarkin, domin ni na share shi, kuma na san inda ya kai yayanki Nasiru, wanda yake kwance a ɗakin tsakar gida tun ranar da ya faɗi daga kan keke. Ɗa ɗaya na ba wa hanya. Ina tsoron kada in ba ta na biyu.

Bari in faro daga inda ɓatana ya faro. Ina saurayi ni ɗan koren shanu ne. Daga arewa muke taso su a ƙafa, mu yi ta bin daji har mu gangaro kudu. Da safe ba ma cin komai. Goro a kunci, gora a kafaɗa, ɗan kilishi a aljihu, shi ke nan. Ubangidanmu yakan ce wanda ya cika ciki da tuwo, saniya ce za ta kora shi, ba shi zai kora ta ba. Mu wuni muna tafiya, rana ta fito ta same mu a hanya, ta faɗi ta bar mu a hanya, kuma ban taɓa faɗuwa ba. Daga nan na ɗauki abin ya zama mini kamar aya: juriya a cikin wofin ciki take, nama ne ƙarfi, tuwo kuwa nauyi ne da kasala. Da shi na yi ta cika baki a majalisar ƙofar masallaci shekara da shekaru.

Abin da ban sani ba shi ne takun saniya nake yi. Wata likita ce ta buɗe mini ido a asibiti, bayan buɗewar ba ta da sauran amfani. Ta yi mini bayani da Faransanci, ni kuma na juya shi a kaina yadda zan gane. Jiki makamashi biyu yake da shi. Akwai kitse, wanda yake kamar kututturen da Innarki ke turawa a murhu, ya wuni yana ci a hankali. Ko siririn mutum yana da isasshe. Akwai kuma suga, wanda jiki ke fitarwa daga tuwo da shinkafa da doya da gari da burodi, ya ɓoye shi a cikin tsoka da hanta. Shi kamar kara yake, nan da nan ya kama, wutarsa ta tashi sama, amma daminsa ƙarami ne. Mai tafiya a hankali, kututturen ya ishe shi. Mai gudu har numfashinsa ya riƙa fita da ƙyar, ko mai taka keke yana bin wasu, kara yake ƙonawa. A irin wannan wahalar, abin da yake ajiye ba ya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu, shi ma in rumbun a cike yake. Nama yana gyara tsokar da ta gaji, amma ba ya cika wannan rumbun. Goro kuwa rufe wa gajiya baki kawai yake yi, ba ya ba ƙafa komai.

To, Safiya, ga nasiha ta farko. Kada ki auna gudunki da tafiyata. Duk tsohon da ya ce miki su a zamaninsu ba sa ci, ki tambaye shi da wane sauri yake tafiya. Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni babba ne, na hango, kuma abin da na hango ƙarya ne.

Da Nasiru ya shiga 'yan tseren keke, na yi murna fiye da yadda na nuna. A Zongo yaro ko dai ya bi shanu, ko ya zauna a shago, ko ya hau zem, wato acaɓa, yana ɗaukar fasinja. Shi ga shi da riga mai aljihu a baya, mayo suke ce mata, yana wuce motoci a titin Ganhi kamar an harba shi. Sai na ce wannan jinina ne, ni zan ciyar da shi. Kullum na dawo daga kasuwar shanu da ƙullin tsire ko balangu. Na hana Innarki ta sa masa tuwo fiye da loma uku huɗu. Shayi ba suga. In tsere ya matso, sai in ƙara matse shi, wai don ya yi sauƙi a kan keke.

Mai horar da su ya zo har gida. Mutumin kirki ne, ba Bahaushe ba, amma yana jin Hausar kasuwa. Ya cire takalmi ya zauna a tabarma ya ce, “Alhaji, yaron nan yana da ƙafa, amma tankinsa babu mai. Ku bar shi ya ci shinkafa. Ko akasa, tuwon masarar nan, ma ya ci.”

Na ce, “Malam, kai ka taɓa tako ƙasa daga Kandi zuwa nan?”

Ya ce, “A'a, Alhaji.”

Na ce, “To ni na taka, da goro ɗaya a baki. Ka koya masa birki da giya, ka bar mini cikinsa.”

Ya sha ruwan da aka kawo masa, ya sa takalminsa. Na koma majalisa ina ba da labarin yadda na tura malamin lekol, ɗan boko, gida da kunya, aka yi ta dariya. Waɗanda suka yi dariyar har yau suna nan da 'ya'yansu a tsaye.

Ki saurari mai horar da ke, ko da ba ya jin Hausa, ko da bai kai ki shekaru ba. Ki ci tuwonki. In babban gudu ya matso, kwana biyu ko uku kafin ranar ki rage wahala ki ƙara shinkafa da doya da taliya, ki rage mai da yaji, domin rumbun nan ba a loma ɗaya yake cika ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da safen gudun ma ki ci abu mai sauƙi tun da sauran lokaci, koko da burodi ko ayaba, saboda hanta tana raba abin da ta ajiye duk tsawon barcinki, gari na wayewa ta yi ƙasa. In kin gama gudu kada ki tsaya hira, ki nemi abinci da wuri, a lokacin ne tsoka ta fi karɓa. Kuma kada ki ci baƙon abu ranar tsere. Abin da za ki ci a hanya, ki saba wa cikinki da shi tun a horo.

Allah bai kama ni ba sai da ya yi mini hannunka mai sanda. Wata rana Nasiru ya shigo gida yana tura keken a ƙafa. Tun daga unguwar Sainte-Rita ya turo shi. Fuskarsa ta yi fari, gumi mai sanyi na zuba. Ko sallama bai yi ba, ya wuce madafa, ya jiƙa gari ya zuba suga da yawa, ya tsuguna bayan ƙofa yana ɗurawa kamar ɓarawo. Na tsaya a kansa.

Ya ce, “Baba, ƙafafuna ne suka mutu. Ina takawa, ba sa ji. Har titin ya riƙa rabuwa biyu a idona. Yara suna ce masa firingal, wai yunwar keke ce.”

Na ce, “Sunanta ragwanci, a bar yi mata Faransanci.”

Ya ajiye kwanon. Bai ƙarasa ba. Wannan rabin kwanon garin yana cikin abubuwan da nake gani in na rufe ido a sallah.

Ki san alamun, 'yata, domin ba ragwanci ba ne, kuma zuciya ba ta maganinsa. Ƙafa za ta yi nauyi farat ɗaya. Sai hamma, sai sanyi a cikin rana, sai fushi babu dalili, sai ki kasa haɗa lissafin da yaro zai haɗa. Likitar ta ce ƙwaƙwalwa da sugan jini take rayuwa, in ya yi ƙasa ita ce take fara rikicewa. Mutum ba ya sanin ya rikice, a nan haɗarin yake. Saboda haka kada ki jira yunwa. In gudu zai wuce awa guda, ki riƙa ci kaɗan-kaɗan tun kina jin daɗin jikinki, kina korawa da ruwa. A ranar zafi ki sa ɗan gishiri a ruwan. In kuma alamun sun riga sun zo, ki sauka daga titi, ki zauna nesa da motoci, ki ci abu mai zaƙi, ki jira idonki ya washe. A wuce ki. Wanda aka wuce yana iya dawowa gida da ƙafarsa.

Haka nan azumi. Na Ramadan farilla ne, ki yi shi, ki mayar da horonki mai tsanani bayan buɗa baki, ki tashi sahur da gaske. Amma kada ki haɗa azumin nafila da dogon gudu ki ce neman lada kike. Na sa Nasiru ya yi haka ranakun Litinin da Alhamis, ina cewa zai ƙara masa haske. Duk shekara ni da kaina nake buɗa baki da dabino, in ji duhun idona ya yaye kafin a tayar da sallah. Amsar tana bakina ina taunawa, ban gane ta ba.

Yanzu na zo wurin da hannuna yake nauyi. Kin san safiyar, kina nan, amma ke yarinya ce, ban san yadda kika ajiye ta a ranki ba. Bari in faɗa miki yadda ta kasance.

Tsere ne daga Kotonu zuwa Wida a dawo. Daren jajibiri na ba shi gasasshen nama kawai. Da safe ruwa da ɓarin goro. Yana tsaye a zaure yana duba tayoyi, na zo na dafa bayansa don in yi masa addu'a, sai na ji tudu a aljihun rigar. Na sa hannu na zaro ƙullin leda. Dabino ne, Innarki ta sa masa a ɓoye. Tana tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

Ta ce, “Malam, ka bar masa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.”

Na ce, “Ke kika san rijiya. Ni na san hanya.”

Nasiru ya bi ledar da ido. Ke kuma kina zaune a dakali da ɗankwalinki a karkace, kina kallonmu. Na miƙa miki na ce, “Ungo, Safiya, zaƙi na yara ne.” Kika karɓa da murna. Kina ci ya hau keken, har kika ɗaga masa hannu da bakinki cike.

Da tafiya yana cikin na gaba. Abokansa sun ce a dawowa ne ya fara ja da baya, suna yi masa magana yana amsa abin da ba a tambaye shi ba. Ɗaya ya miƙa masa ayaba, ya ce Baba ya hana. Suna isowa Godomey, inda motoci ke haɗuwa, keken ya fara lilo. Babu wanda ya buge shi, babu rami. Shi ne ya karkata da kansa ya shiga gefen wata kamiyo, babbar motar kaya, da ke tsaye, kansa ya daki ƙarfe. Direban kamiyon ya zo asibiti yana kuka yana rantsuwa cewa motarsa ko motsi ba ta yi ba. Na ce masa na sani.

Da likitar ta auna jininsa, ta tambaye ni me ya ci tun jiya. Na faɗa mata, har da ɗan alfahari a muryata, don a lokacin ban gane ba tukuna. Ta daɗe tana kallona, sannan ta jawo kujera ta zaunar da ni ta yi mini bayanin da na rubuta miki a sama. Na tambaye ta, da ya ci dabino a hanya fa? Ta ce ita ba ta san gaibu ba, amma da wuya ya kai ga haka.

Mutanen Zongo sun zo jaje, kowa ya ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, ban isa in ƙi ba. Amma ƙaddarar da hannuna ta bi ta shiga aljihun nan, kuma za a tambayi hannun. Na yi istigfari har harshena ya gaji, na sayar da shanu na kai shi wurin masu magani na asibiti da na gargajiya. Ba zai tashi ba, Safiya. Na daina yi wa kaina ƙarya. Innarki tana juya shi, tana goge shi, tana ba shi abinci a baki, ba ta taɓa ce mini ga abin da ka yi ba. Da ta faɗa, da na samu inda zan sa kaina.

Kuskurena na ƙarshe a kanki na yi shi, kuma shi ne dalilin wannan takarda. Azumin da ya biyo baya, aka miƙa miki dabino da magariba, kika kawar da kai kika ce haƙorinki ke ciwo. Shekara ta zagayo, haƙorin bai warke ba. Daga nan kika bar alewa, kika bar suga a koko. Da kika fara gudu a makaranta, kika ɗauki dokokina kaf, waɗanda ni na riga na binne, kika ɗora wa kanki. Na gane sarai. Kin ɗauka ke kika cinye abin da zai dawo da yayanki gida, kina biya da cikinki. Na ga haka, na yi shiru, domin in na ce ba laifinki ba ne, dole in faɗi na wane ne. Na bar yarinya da kayan da ni ya kamata in ɗauka. Wannan ya fi na farko muni, domin na farko a jahilci na yi shi, wannan kuwa ina sane.

To ki ji da kyau. Ba ki ɗauka ba, miƙa miki aka yi. Ubanki ne ya miƙa miki, kuma yaro ba ya ƙin abin da ubansa ya ba shi. Da na jefa wa akuya ledar nan, da abin da ya faru ya faru. Babu bashin kowa a kanki. Yunwar da kike yi ba ta ƙara wa Nasiru komai, ni kuma ba ta rage mini.

Ban sa rai wannan takarda za ta gyara abin da ke tsakaninmu ba. Wanda ya ɓatar da ayari sau ɗaya, ko ya nuna hanyar gaskiya ba a binsa, kuma ban ga laifin kowa ba. Wataƙila ki karanta ki ninke, gobe ki fita gudu da cikinki wofi a kan duwatsun da babu wanda ya san ki. Wannan tunanin ne ya hana ni sukuni tun da aka ce an ɗauke ki. Ba ni da wata hujja da za ta sa ki yarda da ni, don haka ba da bakina zan rufe ba.

Kin san Nasiru bai ƙara gane ni ba tun da ya farfaɗo. Yana gane Innarki, yana gane ki, ni kuwa Malam yake ce mini, kamar wani baƙon da ke yawan zuwa gaisuwa. Jiya da hantsi na shiga na zauna kusa da shi, na ce masa, “Safiya za ta tafi tsere, mai nisa.”

Ya daɗe yana kallon rufi. Sai ya lalubo hannuna da hannunsa mai motsi, ya jawo ni kusa, ya yi ƙasa da murya.

Ya ce, “Malam, don Allah ka ce wa Inna ta sa mata dabino a aljihu.” Ya waiga wajen ƙofa, ya ƙara matse hannuna. “Amma kada Baba ya gani.”

Na ce masa to, ba zai gani ba.

Ƙullin yana cikin jakarki, a aljihun gefe. Ni na je kasuwa na zaɓo masu taushi, amma ba daga gare ni suke ba, saƙon yayanki ne, ni ɗan aike ne kawai. In ba za ki ci don ni ba, ki ci don shi.

Allah ya kiyaye ƙafarki daga tuntuɓe, ya kiyaye idonki daga duhu, ya sa duk hanyar da kika fita ki dawo ta cikinta da hankalinki. Allah ya haɗa ki da masu tausayi a inda ba ki da kowa. Allah ya ba Nasiru sauƙi, ya saka wa Innarki da Aljanna. Ni kuma in kin tuna da ni a sujada, ki roƙa mini gafara, ko da ke ba ki kai ga yafewa ba tukuna.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sule